Tarin Hannatu da Tsuntsayen Kofur

Matata Hannatu ta yi ciwon tibi, wato tarin fuka, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, kuma ta warke sarai. Na fara da faɗin haka ne domin duk mai irin wannan majinyaci a gida ya karanta sauran da kwanciyar hankali. Ciwo ne mai magani. Abin da ya kusa cin ranta jinkirinmu ne da bakin mutane.

Sunana Ishaya. A lokacin ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ɓangaren zare. Muna zaune a gidan haya a Sabon Tasha, ciki da falo, mu da 'ya'yanmu biyu, Alheri da ƙanenta Dauda. Hannatu tana suyar ƙosai da dama kunu a bakin titi da safe. Na biyar ɗinmu wani muzuru ne mai ruwan toka, wanda ta tsinto yana ɗan mitsitsi a bayan injin niƙa ta raine shi da cokali. Yana da zane biyu farare a ƙafar gaba, shi ya sa yara suka sa masa suna Kofur.

Tarin ya fara ne wajen lokacin zaɓe. Muka ce hayaƙin suya ne, na sayo mata maganin tari na kwalba a kemis. Ta shanye, tari bai san an yi ba. Mai kemis ya ce taifot ne ya haɗu da sanyi, ya yi mata allurai, ya haɗa mata kafso kala-kala a leda. Sai ta ji dama-dama na ɗan lokaci, abin ya dawo. Da la'asar jikinta ya yi zafi, da safe mu tarar zanin gado ya jiƙe da gumi. Abinci ya fita ranta. Zanin da take ɗaurawa ya soma zagaye ta har ya yi saura.

Masu shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wannan ya ce zuma da lemun tsami, wancan ya ce citta da tafarnuwa, wata ta ce a narka man kaɗanya ta sha da ɗumi. Duk mun yi. Abin da muka zuba a kemis da wajen masu sassaƙe ya ninka abin da asibiti ya ci daga baya. A makon Ista tana wanke kwanuka a bakin rijiya ta yi tari ta tofar, ta yi sauri ta watsa ruwa a wurin. Na riga na gani. Jini ne, ja wur.

Washegari muka shiga bas zuwa asibitin gwamnati. Layin yankar kati kaɗai ya cinye mana safiya, mai ba da katin kuma yana yi wa mutane tsawa kamar bashinsa suka ci. Da muka samu ganin likita ya tura mu hoton ƙirji, muka je aka ce babu wuta, janareta kuma babu mai. Sai da muka haye gada zuwa cikin gari muka yi a wani wuri na kuɗi. Aka ba ta 'yar roba ta riƙa kawo kaki da safe ana aunawa. Mun yi fiye da mako muna wannan zirga-zirga, ita tana jingine a kafaɗata a cikin bas, mutane suna matsawa gefe duk sa'ad da ta yi tari.

Ranar da sakamako ya fito likita ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mini wani wuri kamar gajimare a saman huhunta na dama. Ya tambaye ni inda muke tun watannin baya. Ya ce tibi ne, kuma za ta warke idan muka yi abin da aka ce. Ya sa aka auna ni da yaran, ba a ga komai ba. Ya kuma ba da shawarar mu yi gwajin ƙanjamau mu biyu, don ya san abin da mutane za su faɗa da sun ga ramarta. Muka yi, ya fito lafiya lau. Hakan bai hana a faɗa ba.

Daga nan aka miƙa mu ga Malam Sani, ma'aikacin da ke raba maganin masu tari a wani ɗan ɗaki can ƙarshen asibitin. Dattijo ne mai sanyin murya, ba ya toshe hanci in majinyaci ya shigo. Ya bayyana mana komai dalla-dalla. Za ta riƙa haɗiyar ƙwayoyin da sassafe kafin ta ci komai, ni kuma in tsaya in ga sun wuce maƙogwaro. Fitsarinta zai koma ja, kada mu tsorata. A bar taga a buɗe, ta riƙa shan rana, ta rufe baki in za ta yi tari, yaran kuma su ɗan yi nisa na farkon watanni. Sannan ya dube ta ya ce:

"Maman Alheri, wata takwas ne. Ba bakwai da rabi ba."

Wannan maganar ta zauna mini a kai har yau.

Yaran muka kai Gonin Gora wurin yayata Saratu. Ina gode mata har gobe, domin ta riƙe su kamar nata, kuma kowane mako sai ta aiko da ƙwai da wake. Amma ita ce ta kunno mana wata wutar. Ranar da ta zo duba Hannatu ta tarar da Kofur kwance a ƙafafunta. Nan take ta ce an gano tushen ciwo, gashin kyanwa ne ya shige mata huhu, ai kowa ya san haka. Ba a ɗaki ta tsaya ba, a tsakar gida ta ƙarasa maganar, kuma Yaya Saratu ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba.

Da yamma mai gidan da muke haya, Baba Dogo, ya kira ni. Ya ce matan gida sun kawo kuka, suna tsoron muzurun zai fito daga ɗakin mai tari ya leƙa tukwanensu. Na je na tambayi Malam Sani. Ya yi murmushi ya ce kyanwa ba ta da laifi, daga numfashin mutum ake ɗauka, wataƙila a bas, wataƙila daga wani mai sayen ƙosai. Na kawo wa Baba Dogo wannan bayani, ya saurara da kyau, ya ce shi ya yarda amma ba shi kaɗai ke gidan ba. Sharaɗinsa ɗaya, kada a ga muzurun a tsakar gida. In aka gan shi, babu ruwansa da abin da zai biyo baya. Na kuma ji cewa wani maƙwabci har ya tanadi buhu, kogi kuwa ba nisa.

Na shawarci Hannatu ko in kai shi ƙauye. Sai ta ce:

"An ɗauke mini yara, an ɗauke mini kasuwa. Wannan dai a bar mini."

Sai muka kulle Kofur a ciki. Na samo tsohon kasko na zuba yashi, ina canjawa kullum kafin in tafi aiki.

Makonnin farko sun fi kowane lokaci wuya. Maganin yana tayar mata da zuciya, gwiwoyinta suna ciwo kamar ana sara. Ni na koyi girki a dole: faten acca, kunun gyaɗa, miyar kuka da ɗan nama in an samu. Matan zumunta na cocinmu sun zo sau ɗaya, suka tsaya daga bakin ƙofa suka yi waƙa da addu'a suka tafi. Na ji haushi a ranar, ko da yake daga baya wasunsu sun dawo sun shigo har ciki. Hannatu ta daina magana. In na dawo aiki sai in same ta yadda na bar ta, fuskarta na kallon bango.

Kofur ma ya lalace. Muzurun da ya saba yawo a kan katangun unguwa ya koma yini yana kuka yana yakushin ƙofa. Ya ƙi abinci, gashinsa ya riƙa zuba. A makon da aka rantsar da sabuwar gwamnati rediyo ba ta da zance sai na komawar sojoji bariki. Na ce wa Hannatu to ga namu Kofur ɗin ma an mayar da shi bariki. Ko murmushi ba ta yi ba.

Wata safiya na miƙa mata ƙwayoyin ta ture hannuna. Ta ce ta gaji, in sa ta a mota in kai ta gidan iyayenta, abin da Ubangiji ya yi daidai ne. Na cire takalmin aiki na zauna a bakin gado. Na ce ni ma yau ba inda za ni, in an kore ni daga masaƙa sai mu zauna tare mu uku muna kallon bango. Rana ta ɗaga sosai kafin ta fizgi ƙwayoyin ta haɗiye cikin fushi. Ban taɓa shakkar maganin ba, na yarda da Malam Sani ɗari bisa ɗari. Amma na san ba za a yi wata takwas ana wannan kokawa kowace safiya ba.

Tagar ɗakinmu tana kallon wani lungu ne tsakanin bango da katanga, inda wata bishiyar gwaiba ta tsiro da kanta. Ba mai zuwa wurin. Tagar tana da wayar sauro, a ƙasanta kuma akwai wata 'yar huda da ba ta wuce bakin cokali ba. Wani yammaci na dawo daga aiki, tun daga ƙofar gida na lura ban ji kukan Kofur ba. Na ɗauka buhun nan ya yi aikinsa. Da na shiga sai na gan shi a kan dakalin taga ya ƙame kamar gunki, kunnuwa a miƙe, haƙoransa suna kaɗawa kaf-kaf-kaf. Hannatu tana zaune a bayansa, zaune sosai ba jingine ba. Ta ɗora yatsa a leɓe ta yafito ni.

Na leƙa. Ƙananan jajayen tsuntsayen nan da ba su fi babban yatsa ba sun cika ƙasan taga, da kurciya ɗaya a tsakiyarsu, suna ta tsattsagar faten accar da na tashi da asuba na dafa. Ashe kwana da kwanaki ta hudar nan take zubar da abincin cokali-cokali, in dawo in ga kwano fayau in yi ta godiya ga Allah. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta riga ni.

"Baban Alheri, dubi wutsiyarsa."

Wutsiyar tana ta bugun bango ita kaɗai, sauran jikin ko motsi. Hannatu ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin Ista. Faɗan ya bi ruwa. Na ce to mu yi yarjejeniya, ni zan kawo wa tsuntsaye ɗanye, ita kuma ta ci dafaffe. Ta ce ta yarda, amma don Kofur.

Aikin bai zo da sauƙi yadda na zata ba. Da na watsa hatsi a ƙasa, kajin maƙwabta suka gano hanya suka share shi tas. Na kafa sanda na buga tsohon faranti a kai, sai ƙadangaru suka mayar da shi wurin shan rana. Ruwan sama kuma ya riƙa jiƙa hatsin yana tsami, har sai da na samo guntun kwanon rufi na yi masa 'yar rumfa, na huda farantin don ruwa ya tsiyaye. Na ajiye fasasshen tulu da ruwa a gindin gwaibar. Hannatu ce ke ba da umarni daga taga. Ita ta gano cewa jajayen nan acca suke so, kurciyoyi kuma tsakin masara, wasu masu baƙin kai ba ruwansu da hatsi sai an yanka musu gwanda ko nunanniyar gwaiba. Da damina ta yi nisa sai ga masu ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa a bishiya, sukan zo gungu guda da surutu kamar an tashi kasuwa.

Kofur ya taɓa yin tsalle ya daki wayar ya faɗo cikin bokiti. Daga ranar ya haƙura da kallo. Ya koma cin abinci, gashinsa ya yi luf, kukan ƙofa ya ƙare. Da gari ya waye shi ke tashinmu, ya hau taga ya jira. Hannatu ta haɗa shan magani da wannan lokacin. Ta haɗiye ƙwayoyi, in fita in zuba hatsi, su biyu su zauna kallo har lokacin karyawa ya yi. Tashin zuciyar bai daina ba, amma ta samu abin da za ta sa wa ido har ya lafa. In na dawo da yamma akwai labari: wace kurciya ce ta kori wace, wane ne ya zo da 'ya'yansa.

Ba a daɗe ba ta fara ƙorafi a kan aikina. Wai ina zuba hatsi da yawa, wai na kafa sandar inda reshe ke tare wa Kofur gani. Na ce in ba ta gamsu ba ta je ta gyara da kanta. Da wasa na faɗa. Washegari ta ɗaura zani ta ɗauki kwanon acca ta fita tana dafa bango. Kafin a kai lungun sai an bi ta gaban ƙofofin maƙwabta duka. Wata ta janye ɗanta ciki. Hannatu ta gaishe ta da suna, ta gaishe da ta gaba, ta wuce. Ta dawo tana haki kamar ta yi noma, amma gobe ma ta fita. Na kai mata kujera 'yar tsugunne can, ta riƙa zama a rana tana tsince wake, tsuntsaye suna sauka kusa da ƙafarta, Kofur yana harararsu ta waya.

Bayan wata biyu aka sake auna kaki, ba a ga ƙwayar cutar ba. Aka rage yawan maganin, aka ce yara za su iya dawowa. Malam Sani bai bar mu mun yi murna da yawa ba. Ya ce daidai nan ne mutane suke gudu, su ji ƙarfi su watsar da magani, ciwon ya dawo da taurin kai. Ilai kuwa, Yaya Saratu da ta kawo yaran ta ga Hannatu ta yi kumatu, sai ta ce a daina ɗura mata ƙwayoyi haka nan kada su lalata mata ciki, a je coci a yi godiya. Na ce za a yi godiya, amma sai Disamba. Ta ce ni dai tun ina yaro ba na jin magana. Game da Kofur kuwa ba ta canja ra'ayi ba, ko ɗakin ba ta shiga in yana ciki.

Wajen ƙarshen damina muka je karɓar magani aka ce ya ƙare, ana jiran a kawo. Ga gwamnati sabuwa, ga alkawura a rediyo kullum, ga ɗakin magani babu magani. Wannan ya ƙona mini rai, kuma har yau ban ga dalilinsa ba. Na ga mutane sun juya gida hannu rabbana, wasunsu ban sake ganinsu a layi ba. Malam Sani ya ba ni fankon kwalin ya ce in je babban kantin magani a cikin gari in nuna, kada in saya a tebur ko a bas, jabu ya yi yawa. Na sayar da kekena na saya. Na koma tafiya Kakuri a bas, wani lokaci a ƙafa, har maganin asibiti ya dawo. Ko kwana ɗaya ba ta yi fashi ba.

A cikin wannan lokacin ne na dawo wata rana na tarar da Baba Dogo a lungun, zaune a kan bulo kusa da Hannatu, yana gardama da ita a kan ko kurciya tana gane mutum. Bayan kwana biyu ya aiko da gero daga gonarsa, ya ce na baƙin Kofur ne.

Ga abin da zan faɗa wa duk wanda ya karanta wannan. Tarin da ya wuce mako biyu zuwa uku, musamman da rama da gumi, ba na kemis ba ne, a je a auna kaki. In an fara magani a kai shi ƙarshe ko da majinyaci ya ji kamar zai iya dambe. Kada a bar shi shi kaɗai da bango, domin kaɗaici yana hana haɗiyar magani fiye da ɗacinsa. A samo masa abin da zai sa ya tashi da safe, ko mene ne. Kuma a bar kyanwa ta sha iska, ba ita ba ce.

Ana saura kwanaki Kirsimeti aka yi gwajin ƙarshe. Malam Sani ya duba, ya ce Maman Alheri ta gama, kada ya sake ganinta sai dai a kasuwa. Muka yi masa godiya har ya ji kunya. Da Baba Dogo ya ji labari, shi da kansa ya ce a saki fursuna.

Washegari da safe Hannatu ta buɗe ƙofa ta matsa gefe. Kofur ya daɗe a bakin ƙofar yana shinshina iska. Sannan ya bi jikin bango sumumu, bai dubi kowa ba, ya miƙe zuwa lungu. Wata da watanni yana nazarin wurin ta waya, mu kuma ba wanda ya yi wannan tunanin. Kafin mu kai sai muka ji fuka-fukai sun tashi, ga shi ya fito da kurciya a baki.

Hannatu ta suri tsintsiya ta bi shi. Suka zagaye rijiya, suka bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, suka kifar da bokitin wata maƙwabciya, yara suna ihu, matan gida sun fito suna riƙe ciki don dariya. A bakin zaure ta rutsa shi, ya saki kurciyar, ta tashi fir ta bar masa gashin wutsiya. Hannatu ta tsaya ta riƙe ƙugu tana zazzaga masa faɗa, wai butulu, baƙin da suka yi jinyarsa su zai ci.

Ni ban yi dariya ba. Numfashinta nake saurare. Ta yi gudun da ko ni sai na yi haki, tana ta faɗa da murya sama, ina jiran tarin ya biyo baya. Bai zo ba.

Ta juyo ta gan ni tsaye.

"Kai kuma me kake kallo? Je ka ƙara wa sandar nan tsawo kafin ya gama da su."

Na shiga ɗaki na ɗauko guduma.